Kafin Ka Sa Hannu A Takardar Shige Da Fice, Wa Ya Ba Ka Shawara?

Wani bidiyo ne ya tsaya mini a rai kwanan nan. Mutum ne sanye da kwat, zaune a bayan tebur, yana amsa tambayoyin masu son fita waje da waɗanda suka riga suka fita takardunsu suka ƙare. Wata ta tambaye shi ko za ta iya neman mafaka bayan ta shekara biyu a Amurka, ya ce babu damuwa, ta turo kuɗin fom kawai. Wani ya ce izinin zamansa a can ya ƙare da daɗewa, yana so ya leƙa iyayensa ya koma, ya ce masa ya tafi abinsa, shi zai gyara komai. Babu wanda ya ce wa, "Sai na ga takardunka tukuna."

Amsoshin nan biyu, kowacce cikinsu ta isa ta rufe wa mutum ƙofa ta shekaru. Shi kuwa mai amsar ba abin da zai same shi, domin ba sunansa ba ne a kan fom ɗin.

Matsayina shi ne: duk wanda ke da matsalar shige da fice mai sarƙaƙiya, ya nemi wanda doka ta ba izinin ba da shawara kafin ya cike fom, kafin ya sa hannu, kafin ya hau jirgi. Kuma ƙasashen da ke tsare mutane don su tisa ƙeyarsu, haƙƙi ne a kansu su samar wa wanda ba shi da hali lauya. Na san akwai masu ja da maganar, kuma wasu daga cikin hujjojinsu suna da nauyi.

Amsar gaskiya tana farawa da "ya danganta"

Tambayoyin da mutane ke yi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Bizata ta ƙare, me zan yi? Na auri 'yar ƙasa, shi ke nan na tsira? An taɓa hana ni biza, in faɗa ko in yi shiru? An kawo mini takardar kotu, in je ko in ɓuya? Tambayoyin gajeru ne, amma amsar kowacce tana rataye da ranar da mutum ya shiga ƙasar, ta wace hanya ya shiga, da wace irin biza, da abin da ya taɓa rubutawa a baya.

Ɗauki matar nan mai neman mafaka. Tun daga dokar da majalisar Amurka ta yi a 1996, mai neman mafaka sai ya shigar da buƙatarsa cikin shekara ɗaya da isowarsa. Akwai togaciya, idan al'amura sun sauya a ƙasarsa bayan ya fito, ko wani uzuri mai ƙarfi ya hana shi, kamar rashin lafiya mai tsanani. To amma sai an kafa hujjar wannan togaciyar tun daga farko. Wanda ya ce mata "babu damuwa" bai ma san akwai abin da za a kafa ba, ko kuma ya sani bai damu ba.

Shi kuma mai son leƙa iyayensa, dokar dai ta 1996 ce ke jiransa. Wanda ya zauna a Amurka ba bisa izini ba fiye da kwana 180, idan ya fita, ba zai sake shiga ba sai bayan shekara 3. Idan zaman ya kai shekara ɗaya ko fiye, shekara 10 ce. Abin lura a nan shi ne, fitar ce ke tayar da hukuncin. Wato tafiyar da aka ce masa ya yi hankali kwance, ita ce za ta raba shi da aikinsa da matarsa da 'ya'yansa idan yana da su a can.

Har ranar da ke jikin biza tana ruɗar mutane. A Amurka, wannan ranar tana nuna iyakar lokacin da mutum zai iya zuwa ya nemi shiga ne kawai. Tsawon zamansa kuwa jami'in da ya karɓe shi a filin jirgi ne ke yankewa. Mutum na iya riƙe da bizar da saura shekara biyu ta ƙare, alhali ya daɗe da wuce wa'adinsa bai sani ba. A ƙasashen Turai na yankin Shengen ma, mai ziyara kwana 90 yake da su cikin kowane kwana 180, ko da bizarsa ta shekaru ce.

Wanda ya san aikin, tambayoyi zai fara yi maka har ka gaji. Wanda ya ba ka amsa nan take bai ga fasfonka ba, ciniki yake nema.

"Ai fom ne kawai, me zan yi da lauya?"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji, kuma rabinta gaskiya ne. Ba kowace buƙata ke son lauya ba. Mai neman bizar ziyara wanda bai taɓa samun matsala ba, ko ɗalibin da makaranta ta ba gurbi kuma takardunsa suka cika, zai iya karanta ƙa'idojin a shafin intanet na hukumar ya cike da kansa. Ban ga dalilin da zai biya kowa ba, lauya ko ejan.

Amma akwai inda maganar ke sauyawa: idan an taɓa hana ka biza, idan ka taɓa wuce wa'adi, idan 'yan sanda sun taɓa kama ka ko da an sake ka, idan mafaka kake nema, ko kuma takardar kotu ta zo maka. A nan fom ɗin rantsuwa ce, kuma kowane akwati da ka yi wa alama zai iya dawowa gabanka bayan shekara goma.

Akwai tambayar da ke kusan kowane fom: an taɓa hana ka biza a wata ƙasa? Ejan da ke son aiki ya yi sauri sai ya zaɓi "a'a", wani lokaci bai ma tambayi mai fom ɗin ba. Ga shi kuwa Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya da New Zealand suna musayar bayanan zanen yatsu na masu neman shiga ƙasashensu. Hanin da aka yi maka a can baya ba laifi ba ne, mutane da yawa an hana su sun sake nema sun samu. Ɓoye shi ne laifin. A Kanada, bayanin ƙarya yana jawo haramcin shekara 5, kuma dokarsu ta haɗa da ƙaryar da aka yi ta hannun wani. A Ingila yana iya kaiwa shekara 10. A Amurka haramcin na har abada ne, sai dai wanda ya dace da wata yafiya da ba kowa ke cancantarta ba.

Ranar da aka gano, "ejan ne ya cike mini" ba ta fid da kowa. Jami'in zai nuna maka sa hannunka.

Labarin haya

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne batun mafaka. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta fayyace wanda ya cancanci kariya: wanda ke da ingantaccen tsoron za a tsananta masa saboda launin fatarsa ko ƙabilarsa, addininsa, ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Talauci ba ya ciki, rashin aikin yi ba ya ciki, duk da kowa ya san suna korar mutum daga gida kamar yadda bindiga ke kora. Ko mun so ko mun ƙi, haka dokar take.

Sai wasu suka mayar da wannan giɓin kasuwa. Su rubuta labari, su sayar wa mutum, su ce ya haddace. Labarin da aka sayar maka an sayar wa wasu kafin kai, kuma jami'an da ke sauraron irin waɗannan buƙatu kullum sun san shi. Za a tambaye ka abu ɗaya ta fuskoki uku, a ranaku daban-daban. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Amurka, idan alƙali ya tabbatar mutum ya ƙirƙiri buƙatar mafaka da gangan bayan an gargaɗe shi, ya rasa damar samun izinin zama a ƙarƙashin dokar shige da fice har abada, ko da daga baya ya auri 'yar ƙasa auren gaskiya.

Cutar ba ta tsaya kansa ba. Kowane labarin haya da aka kama yana ƙara wa jami'i shakka kan mai gaskiyar da zai shigo bayansa.

Akwai kuma wata asarar da ba a cika magana a kanta ba. Mutanen da suka cancanci mafaka da gaske suna faɗuwa saboda ba wanda ya gaya musu wane ɓangare na labarinsu ne doka ke nema. Mace da aka ci zarafinta tana iya zama gaban jami'i ta yi ta bayanin ƙonewar gidansu da wahalar hanya, ta kasa furta abin da aka yi mata don kunya. Idan ta faɗe shi daga baya, sai a ce me ya hana ta faɗa tun farko. Lauya nagari zai zauna da ita a keɓe, ya bar ta ta yi magana a hankali, ya nemo takardar likita, ya tabbatar an samar mata tafinta mai jin yarenta sosai. Ejan ba ya wannan aikin, ba shi da ilimin kuma ba shi da lokacin.

"Lauya sai mai kuɗi"

Wannan hujjar ba zan raina ta ba. Kuɗin lauya yana da yawa, kuma wanda ba shi da izinin aiki a ƙasar da yake, daga ina zai samo? Duk wanda ya ce wa irin wannan mutum "je ka ɗauki lauya" ya juya baya, bai taimake shi da komai ba.

Sai dai mu yi lissafin da kyau. Ejan ma ba kyauta yake yi ba, wasu kuɗinsu ya fi na lauya. Kuma wanda aka ɓata wa fayil biya biyu yake yi: na ɓatawa da na gyara, in ma gyaran zai yiwu. Zama ɗaya da masani, a biya kuɗin shawara kawai ba tare da an ɗauke shi aikin gaba ɗaya ba, sau da yawa ya isa mutum ya san inda ya tsaya.

Sannan akwai hanyoyin da mutane ba su sani ba. A Amurka, Ma'aikatar Shari'a tana ba wasu ma'aikatan ƙungiyoyin agaji izinin wakiltar mutane a harkar shige da fice duk da ba lauyoyi ba ne, kyauta ko da kuɗi kaɗan, kuma sunayensu suna nan a jere a shafin ma'aikatar. Kotunan shige da fice suna da jerin masu ba da taimakon shari'a kyauta. Tsangayoyin koyon lauya na jami'o'i da dama suna karɓar ƙararraki, ɗalibai su yi aikin malamansu na duba su. A Ingila, mai neman mafaka da ba shi da hali yana iya samun lauyan da gwamnati ke biya. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ba ta karɓar ko sisi kan kowane aiki nata, don haka duk wanda ya nemi kuɗi da sunanta ɗan damfara ne. Layin waɗannan wurare yana da tsawo, shi ya sa ake fara nema tun ranar da matsala ta ɓullo.

Tantance mai ba da shawara ma ba wuya ba ce yanzu. A Ingila laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999 mutum ya riƙa ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a ba tare da rajista ba, kuma hukumar da ke kula da hakan, wadda aka sauya wa suna zuwa Immigration Advice Authority a 2025, tana da rajistar da kowa zai iya dubawa. Kanada ta kafa sabuwar hukumar da ke ba masu wannan sana'a lasisi a 2021. Ostireliya ma tana da rajistar masu wannan sana'a. A Amurka kowace jiha tana da hukumar lauyoyi da za ta nuna maka ko lasisin mutum yana aiki ko an dakatar da shi. Ka tambaye shi cikakken sunansa da lambar lasisinsa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Bayan haka, a rubuta yarjejeniyar kuɗi da aikin da za a yi, a karɓi rasit, a riƙe kwafin duk abin da aka tura wa hukuma. Kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ko wanda ba a karanta maka shi da yaren da kake ji ba. Kada ka bar wa kowa fasfonka na asali ya riƙe. Duk wanda ya yi maka alkawarin tabbas za ka samu, ko ya ce yana da mutum a ciki, ka tashi ka bar wurin, domin hukuncin ba a hannunsa yake ba.

Lauyoyin ma ai akwai macuta

Akwai su. Wasu suna karɓar kuɗi su daina ɗaga waya, wasu suna tara ƙararrakin da suka fi ƙarfinsu har wa'adi ya wuce. Bambancin shi ne lauya yana da lasisin da zai iya rasawa, akwai inda za ka kai ƙorafinsa, kuma a wasu ƙasashe sakacinsa na iya zama hujjar sake buɗe shari'arka. Ejan ɗin da ke aiki ta lambar WhatsApp, in ya kashe layin, ina za ka nufa?

Wasu kuma tsoro ne ke hana su, suna ganin lauya zai miƙa su ga hukuma. Riƙe sirrin wanda ya zo neman shawara wajibi ne a aikin lauya. Don haka a gaya masa komai, musamman abin da ake jin kunyarsa. Tsohon kamu, auren da bai mutu a takarda ba, sunan da aka taɓa amfani da shi a wani fasfo. Gara ya ji daga bakinka a ofis da ya ji daga bakin lauyan gwamnati a gaban alƙali.

Batun kamu yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Jose Padilla ɗan asalin Honduras ne, ya zauna a Amurka da izini fiye da shekara 40, har ya yi mata aikin soja a yaƙin Biyetnam. Da aka kama shi da laifin safarar tabar wiwi, lauyansa ya ce masa ya amsa laifi, kada ya damu da maganar kora tunda ya daɗe a ƙasar. Shawarar kuskure ce, laifin na cikin waɗanda ke jawo kora kusan kai tsaye. A 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dole lauyan da ke kare wanda ba ɗan ƙasa ba ya sanar da shi ko amsa laifi zai iya jawo masa kora. Idan lauya mai lasisi zai yi irin wannan tuntuɓe don shige da fice ba fanninsa ba ne, ina ga wanda bai taɓa buɗe littafin doka ba?

Game da takardar kotu kuwa, a je. Wanda bai halarta ba, alƙali na iya yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa. Da yawa ba gudu suka yi ba, gida suka sauya takardar ta tafi tsohon adireshi. A Amurka ana sanar da hukumar shige da fice sauyin adireshi cikin kwana 10, kotun kuma cikin kwanakin aiki 5, kowacce da nata fom daban.

Inda laifin ya koma kan gwamnatoci

Duk abin da na faɗa a sama nauyi ne a kan mutum ɗaya, kuma ba adalci ba ne a tsaya nan. Kasuwar 'yan damfara tana ci ne saboda an yi doka mai wuyar fahimta, an bar talaka ya fuskance ta shi kaɗai.

A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1963, wanda ake tuhuma da babban laifi kuma ba shi da kuɗi, gwamnati ce ke ba shi lauya. Amma shari'ar kora ba a lissafa ta cikin shari'un laifi, don haka doka ta ce kana iya zuwa da lauya, sai dai ba da kuɗin gwamnati ba. Wani bincike da Ingrid Eagly da Steven Shafer suka wallafa a 2015, kan shari'un da aka yanke tsakanin 2007 da 2012, ya gano kashi 37 cikin ɗari ne kawai na waɗanda ake shari'ar korarsu ke da lauya. A cikin waɗanda ke tsare, kashi 14 ne. A ɗaya gefen kuwa, gwamnati tana da nata lauyan. Har ƙananan yara ana kai su gaban alƙali babu mai kare su. A Ingila ma, daga 2013 aka cire mafi yawan matsalolin shige da fice daga tallafin shari'a, aka bar mafaka da wasu 'yan kaɗan.

Za a ce, don me ɗan ƙasa zai biya haraji a ɗaukar wa baƙo lauya? Ban musa cewa kowace ƙasa tana da ikon zaɓar wanda zai zauna cikinta ba. Amma ƙasar da kanta ce ta rubuta cewa wanda ya cika wasu sharuɗɗa yana da haƙƙin zama, ita ta sa hannu a yarjejeniyar da ta hana mayar da mutum inda za a kashe shi ko a azabtar da shi. Idan mutum ya cika sharuɗɗan aka kore shi don bai iya bayyana su da harshen da ba nasa ba, dokar ƙasar ce aka karya. An ma taɓa tsare 'yan Amurka na asali, har aka kori wasu bisa kuskure, saboda babu wanda ya duba takardunsu da kyau.

Ko ta fuskar kuɗi aka duba, lissafin bai goyi bayan rowa ba. Ƙararrakin da ke jiran hukunci a kotunan shige da fice na Amurka sun haura miliyan 3 a ƙarshen 2023. Alƙalin da ke gaban mutum marar lauya dole ya tsaya yana yi masa bayanin kowane mataki, ya ɗage zama don ya je neman mai taimaka masa, kuma kowane dare da mutumin ya ƙara a tsare gwamnati ce ke biya. Lauya yana gajarta wannan. Idan babu hanya ma, shi ne zai dubi mutum ya gaya masa gaskiya, ya shawarce shi ya fita ta hanyar da ba za ta toshe masa gaba ba, maimakon ya ɓata shekaru da dukiya kan ƙarar da ba za ta yi nasara ba.

Birnin New York ya fara gwada wannan a 2013, da shirin da ke ba tsararrun da ake shari'ar korarsu lauya da kuɗin hukuma, wasu birane da jihohi kuma suka bi sahu. Idan gwamnatoci sun ce ba za su iya ɗaukar nauyin kowa a lokaci guda ba, to su fara da rukuni biyu da ba su da yadda za su yi: wanda ke kulle ba ya iya fita ya nemi lauya ko ya tattaro takardunsa, da yaron da bai kai shekara 18 ba.